Littafin da zai dace da yarinyar da ke jin kunyar sunanta

'Yar'uwa, kin ce tun da kuka koma Amurka 'yarki mai shekara 12 take roƙon a riƙa kiranta da sunan Turawa, kina neman littafin da ya taɓo irin wannan damuwa.

Ki fara mata da Amina's Voice na Hena Khan, wanda ya fito a 2017. Iyayen Amina 'yan Pakistan ne, suna zaune a Milwaukee. Babbar ƙawarta Soojin, 'yar Koriya, ta ce za ta koma Susan da zarar ta zama 'yar ƙasa, abin ya tsaya wa Amina a rai. Ga kuma musabaƙar Alƙur'ani da take jin tsoron tsayawa a gaban jama'a. Daga baya wasu suka lalata masallacinsu, don haka wannan babin ku karanta shi tare, kada ki bar ta da shi ita kaɗai.

In ta gama, sai Other Words for Home na Jasmine Warga, na 2019: Jude ta baro Siriya da mahaifiyarta mai juna biyu zuwa gidan kawunta a Cincinnati. Layukansa gajeru ne kamar waƙa, bai da wuyar karatu, kuma wurin da Jude ta fara sa hijabi shi ya fi burge ni.

Amma fa kada ki miƙa mata kamar magani, 'yan wannan shekarun da wuri suke gano wa'azi. Ki aro a laburaren unguwa, ki ajiye mata a bakin gado kawai.