Tambaya da Amsa: Ciyawata ta ƙi tashi a Blender

Tambaya: Malam, ina haɗa filin Murtala Square a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D a kwamfuta, na sa hoton ciyawa amma ƙasar ta fito sumul kamar tabarma. Ya zan yi? Daga mai karatu a Kawo, Kaduna.

Amsa: Ƙanena, taswirar tudu da kwari kake buƙata, wato displesmen, hoto ne baƙi da fari, fari na ɗaga ƙasa baƙi na nutsar da ita. Amma sai ka daddatsa filin sosai zuwa ƙananan yankuna, wato Subdivide, in ba haka ba ba abin da zai motsa, kuma ka sa hoton a Non-Color, wato ka gaya wa Blender ba hoton launi ba ne; hoto mai bit 16, mai matakai da yawa tsakanin baƙi da fari, ya fi mai bit 8 don kar gangaren ya fito hawa-hawa. Ganyen ciyawar kuwa, don Allah kar ka wahalar da kwamfutarka, taswirar ba ta iya shi, da Geometry Nodes, wani sashe na Blender, ake shuka shi.