Likita ya rubuta amoksisilin, mai kanti ya ce Augmentin ya fi ƙarfi: wanne zan saya?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan dangin magani guda, wato penisilin da 'yan'uwansa irin su amoksisilin, ampisilin da kuloksasilin. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Haƙorina ya tara mugunya, likita ya rubuta mini amoksisilin mai miligiram 500, sau uku a rana. A kantin magani aka ce in ƙara kuɗi in ɗauki Augmentin, wai ya fi ƙarfi. Wanne ya fi?

Malam, sayi abin da ke rubuce a takardarka. Augmentin ba wani baƙon magani ba ne, amoksisilin ɗin nan ne dai aka haɗa shi da sinadarin kilabulanik. Dalilin haɗin shi ne akwai ƙwayoyin bakteriya da ke fitar da wani sinadari mai lalata penisilin tun kafin ya kai gare su, kilabulanik kuwa shi ke toshe wannan makami. Idan ƙwayar da ke damunka ba ta da makamin, kuɗin da ka ƙara bai sayo maka sauƙi ba. Abin da ya sayo shi ne ƙarin yiwuwar gudawa, domin haɗin ya fi amoksisilin zalla tayar da ciki, ya kuma fi shi taɓa hanta. Likitan da ya buɗe bakinka ya san Augmentin sarai, da ya ga bukatarsa da ya rubuta.

Wani zaɓin da za ka tarar shi ne tsakanin mai sunan kamfani, kamar Amoxil, da wanda kwalinsa bai ce komai ba sai amoksisilin. Kamfanin Beecham na Ingila ne ya fito da maganin a 1972, kuma haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, shi ya sa kamfanoni barkatai ke yinsa. An ce araha ba ta ado, amma a nan mai arahar yana aiki daidai da mai tsadar muddin sahihi ne. Sahihancin ne abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma masu kashe ƙwayoyin cuta suna sahun gaba. Saboda haka ka saya a kantin da ke da lasisi, ka duba lambar rajistar hukumar kula da magunguna, ranar lalacewa, da kuma adadin miligiram. Kafso tsirara da aka ƙirgo a leda, babu kwali babu suna, kada ka karɓa ko kyauta ne.

Af, kada kuma ka manta da haƙorin kansa. Magani yana kwantar da kumburi, amma mugunyar da ta taru sai likitan haƙori ya fitar da ita.

Tambaya: An rubuta mini na kwana bakwai, kuɗina na kwana uku suka isa. Na sha, na warke garau. Dole ne in sayi sauran?

Ɗan'uwa, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Zazzaɓi da ciwo sukan lafa da zarar yawan ƙwayoyin ya ragu, tun ba su ƙare ba. Penisilin yana hana bakteriya gina bangon da ke kewaye da ita ne, ita kuwa idan bango ya yi rauni sai ta fashe. Wannan aiki yana bukatar maganin ya zauna a jini ba yankewa, ga shi ƙoda tana fitar da shi da sauri, cikin kamar awa ɗaya rabin abin da ke jini ya tafi. Abin da ya sa "sau uku a rana" ke nufin kusan kowace awa takwas ke nan, misali shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Wanda ya tara ukun tsakanin hantsi da la'asar ya bar ƙwayoyin suna hutawa dare guda cur.

Gaskiya ne a yau likitoci sun rage kwanakin shan magani a cututtuka da dama, wasu kwana biyar ya wadatar. Amma wannan hukunci ne na wanda ya san cutar. Ciwon maƙogwaron da ƙwayar sitireptokokus ke kawowa, alal misali, an saba ba shi kwana goma na penisilin, saboda a kauce wa zazzaɓin da ke biyo baya ya lalata ƙofofin zuciya, musamman a yara. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a asibitin St Mary's na Landan a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi a jawabin karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa maganin. Maganarsa ta tabbata: binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci.

Koma wurin likitan, ka faɗa masa kwana nawa ka sha da ranar da ka tsaya. Nan gaba kuma, tun kana zaune a gabansa ka ce masa aljihu ba nauyi. Ba abin kunya ba ne, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da zai yi aikin.

Tambaya: An ba ɗiyata garin amoksisilin a kwalba. Yaya zan haɗa, kuma in ya rage zan iya ba yayanta da ke mura?

'Yar'uwa, ki tafasa ruwa ya huce sarai. Ki bubbuga kwalbar garin ya saki, ki zuba rabin ruwan ki girgiza, sannan ki ƙara har ya kai layin da ke jikin kwalbar. Kowane shan sai an girgiza, in ba haka ba na farko ya zo tsararo, na ƙarshe ya yi kauri. Ki auna da sirinji ko cokalin da ya zo cikin kwalin, cokalin gida ba ma'auni ba ne. Ki kuma lura akwai mai miligiram 125 a mililita 5, akwai mai 250 a mililita 5. Kwalaben sun yi kama, amma ɗaya ninkin ɗaya ne, kuma da nauyin yaro ake lissafa abin da zai sha.

Da zarar ruwa ya taɓa garin, kwanakinsa ƙidayayyu ne, bakwai ko goma sha huɗu gwargwadon abin da kwalin ya ce, an kuma fi son a ajiye shi a firji. Inda firji babu tabbas, tambayi mai harhaɗa magunguna ko akwai ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ɗan ruwa, wadda ake jiƙawa a lokacin sha kaɗai.

Shi kuwa yayan, a'a. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, bairos kuwa ba shi da bangon da penisilin zai rushe. Ragowar ki zubar.

Tambaya: Mahaifiyata ta ce ina yaro na yi ƙuraje bayan allurar penisilin. Yanzu shekaruna sun haura arba'in, an rubuta mini amoksisilin. In sha?

Kada ka sha tukuna. Koma ka faɗa wa likita, domin amoksisilin, ampisilin, Ampiclox da Augmentin duk gida ɗaya suka fito, wanda jikinsa ya ƙi ɗaya ana ɗauka ya ƙi sauran. Canjin suna a kwali ya ruɗi mutane da yawa.

Sai dai kada ka yanke wa kanka hukuncin har abada. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na marasa lafiya a can suna cewa penisilin bai karɓe su ba, amma idan aka gwada, waɗanda abin ya tabbata a kansu ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Sau da yawa ƙurajen yarinta cutar ce ta fito da su, aka ɗora wa magani laifi. Ko waɗanda abin ya tabbata a kansu, kusan kashi 80 cikin 100 jikinsu yana mantawa bayan shekara goma. Ribar tantancewa babba ce, domin wanda aka rubuta wa "ba ya shan penisilin" akan karkata shi zuwa magungunan da suka fi tsada, wani lokaci ma ba su kai shi aiki ba. Ana gwajin ne a asibiti, a fata ko da ɗan ƙaramin sha a gaban ma'aikata. A gida ba a yinsa, ko da rabin kafso ne.

Ka tambayi Mama dalla-dalla: bayan minti nawa ko kwana nawa ƙurajen suka fito, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, an kwantar da kai? Amsoshin nan su likita zai fi bukata. Ga kowa kuma, alamun da ba a jira da su su ne borin jini mai ƙaiƙayi, kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro, numfashi da ƙyar, jiri ko suma, galibi cikin awa ta farko bayan sha. Wannan sai asibiti nan take, allurar adirenalin ce maganinsa. Haka ma fatar da ke ɗurar ruwa tana saɓulewa, ko gyambo a baki da ido. Tashin zuciya da ɗan sakin ciki kuwa ba alamar jiki ya ƙi maganin ba ne, laulayin magani ne kawai.

Wata baiwar Allah ta jero tambayoyi uku a saƙo guda: tana shayarwa, tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma takan manta lokaci. Hajiya, dangin penisilin suna cikin waɗanda ake ba mai ciki da mai shayarwa, sai dai ki sa ido ko jaririn zai yi zawo ko farin baki. Amoksisilin ba ya karya ƙwayar tazara, sai in amai ko gudawa mai tsanani sun hana ta zama a ciki. Idan kin manta shan maganin dangin penisilin ɗin, ki sha da kin tuna, in kuma lokacin na gaba ya kusa ki bar wanda ya wuce, kada ki haɗa biyu.

Batun abinci ya danganta da wanda aka ba ki. Amoksisilin bai damu ba, Augmentin an fi so a sha da fara cin abinci, ampisilin, kuloksasilin da penisilin V kuwa ciki babu komai, kamar awa ɗaya kafin ci ko awa biyu bayansa. Mai ciwon ƙoda, da mai shan warfarin, metotireksat ko alopurinol, ya faɗa kafin a rubuta masa. Idan gudawa ta zama ruwa-ruwa ba tsayawa, ko da jini da murɗar ciki, kada ki sayi maganin tsayar da zawo, ki je a duba ki, ko da kin yi makonni da gama shan maganin. Haka idan ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu. In kuma an kwana biyu zuwa uku ana sha a kan ƙa'ida amma zazzaɓi bai sauka ba, a koma wa likita da kwalin a hannu.