Tambaya da Amsa: Mun ɗiga ruwan kududdufi a madubin likita amma ba mu ga komai ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata, bara aka kawo mana madubin likita guda biyu. Littafi ya ce akwai ƙananan halittu a ruwan kududdufi, sai na aiki yaro ya ɗebo mana a gora, muka ɗiga muka duba, wallahi ba mu ga komai ba sai wasu zobba masu baƙin gefe. Ɗalibai har sun fara cewa abin a littafi kawai yake. Madubin ne ya lalace ko mu ne ba mu iya ba? Daga wata malama, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan ƙoƙari. Madubinku lafiyarsa lau, tunda har ya nuna muku zobban nan, kumfar iska ce da ta maƙale lokacin da kuka rufa gilashi a kan ɗigon. Matsalar daga wajen ɗiba take. Inaga yaron nan ruwan sama-sama ya kamfato, wanda ya fi tsabta a ido, shi kuwa kusan fanko ne. Halittun nan inda abinci yake nan suke taruwa, wato jikin gansakuka, da saiwar kainuwa, da ruɓaɓɓen ganyen da ya kwanta a gindin ruwa, da wannan yauƙin da kan manne a jikin dutse ko kara. Abin da mutum zai ƙyamata shi za ki ɗebo.

To ga yadda nake yi. Ki samu kwalba mai faɗin baki, ki zuba ruwan zuwa rabi, ki haɗa da ɗan taɓo kaɗan da gansakuka da ganye biyu uku, kar ki toshe bakin don su ma suna buƙatar iska, ki ajiye kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta kai tsaye. In kin jefa 'yar busasshiyar ciyawa a ciki kika bar ta kwana huɗu zuwa mako, bakteriya za su yi yawa suna cin ciyawar, masu cin bakteriya kuma su hayayyafa, ruwan zai ɗan yi wari ya yi 'yar fata a sama, to wannan fatar ita ce taskar. Ɗigo ɗaya tak ya isa. Ki jingina siririn gilashin rufi a gefe ɗaya ki sauke shi a hankali kamar mai rufe faifai, kumfa ba za ta shiga ba.

Kuskure na biyu da kusan kowa ke yi shi ne fara dubawa da babban ido, wato gilashin ƙasa na madubin da ya fi ƙara girman abu. Ki fara da mai lamba 4, in an haɗa da na sama mai 10 ya zama ninki 40, ki nemo gefen ganye ko zaren gansakuka ki daidaita a kai, sannan ki juya zuwa 10. Ninki 100 nan ne daɗin kallon yake. Kuma ki rage haske sosai, don jikinsu garau yake kamar ruwan kansa, haske in ya yi yawa wanke su yake yi ki rasa ganinsu.

Wanda zai fara gilma miki mai yiwuwa faramisiyam ne, siffarsa kamar tafin silifa, tsawonsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, jikinsa duk ƙananan gashi da yake kaɗawa yana tafe yana murɗawa, in ya ci karo da abu ya ja da baya ya sake hanya. Gudu gare shi, sai ki yagi auduga 'yar mitsitsiya ki shimfiɗa a ɗigon, zaren zai tsare shi ku kalle shi da kyau. Amiba kuwa, wadda jikinta ke sauya siffa kamar ɗigon yauƙi, sai mai haƙuri, ba ta sauri kuma ba kullum ake dace da ita ba, kar ki damu in ba ta fito ba.

Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce botisela. Kamar ƙararrawa take a kan siririn zare, ta kafe gindin zaren a jikin ganye, bakinta na kaɗa ruwa kina ganin ƙura-ƙuran abinci na juyawa suna faɗawa ciki, to ki ɗan ƙwanƙwasa teburin da yatsa, kafin ƙiftawar ido zaren ya nannaɗe kamar sifirin ta ɓace, sannan ta dinga warwarewa a hankali a hankali har ta koma yadda take. Wannan kaɗai ya isa ya sa aji ya yi tsit. Akwai kuma rotifa da kansa ke kama da taya biyu na juyawa, wasu irinsa ko kududdufi ya ƙafe da rani ba sa mutuwa, bushewa suke yi su jira damina.

Ki gaya wa yaran cewa wanda ya fara bayyana wa duniya waɗannan halittu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, a 1674 ya duba ruwan wani tafki da gilashin da ya goga da hannunsa.

Akwai guda ɗaya da nake so ki nema musamman. In kin ɗaga kwalbar a haske za ki iya ganin fararen ɗigo-ɗigo na tsalle a ruwan, ko ba madubi. Saikulos kenan, ido ɗaya gare shi a tsakiyar ka, macen na ɗauke da jakar ƙwai biyu a gefe. Shi ne ke haɗiye tsutsar kurkunu, mutum ya sha shi a ruwa, bayan kamar shekara tsutsar ta fasa fata ta fito, galibi a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin noma. A ƙidayar 1988 an samu sama da mutum 650,000 da kurkunu a Najeriya, na ƙarshe an gan shi a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi, ko da yake har yanzu ana samunsa a Chadi. Tace ruwa da ƙyalle da aka yi ta koya wa iyayenmu, wannan ɗan ƙwaron ake tarewa. Su tambayi kakanninsu a gida za su sha labari.

Amma don Allah Malama kar a sake tura yaro ya shiga kududdufi. Tsargiya na nan, tsutsarta daga jikin katantanwar ruwa take fitowa ta ratsa fatar mutum, shi ne kike ganin yaro na fitsarin jini. A ɗaura ludayi a jikin gora a ɗebo daga gaɓa, a sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. In kun dace, ki kara kyamarar waya a idon madubin ki ɗan ja baya har hoton ya cika, ki turo mana mu ga me ke cikin kududdufin garinku.