Ƙaramar libarba marar nauyi, ta cancanci a saya?

Malam ka tambaya ko waɗannan ƙananan libarba marasa nauyi sun cancanci kuɗinsu, to a nan Amurka kan masu bindiga a rabe yake gaskiya. Masu sonta suna cewa ba ta cika cijewa ba, ka ja kunama kawai ta tashi, kuma irin Smith & Wesson 642 nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana shigewa aljihu har ka manta da ita. Ruger LCR da ta fito 2009 ma haka.

Amma fa rashin nauyin nan shi ne matsalar, don duk ƙarfin harbin a tafin hannunka yake sauka. Na taɓa gwada wadda ake sa wa harsashi mai ƙarfi na .357 Magnum a filin koyon harbi, wallahi harsashi biyar kawai na harba hannuna ya yi tsami har washegari. Ga kunamar da tauri, saiti wahala, shi ya sa ba na ba ɗan koyo shawarar farawa da ita.

Wasu kuma tunda Sig P365, wata irin ƙaramar bindigar hannu daban mai cin harsashi goma, ta fito 2018 suka bar libarba mai biyar. Ka je filin koyon harbi ka yi hayar libarbar ka gwada tukuna.