Shi Ya Kashe Kansa Ko Kashe Shi Aka Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Watanni biyu da suka wuce aka tsinci gawar wani abokin aikinmu a ɗakinsa, kuma har yau hukuma ba ta fitar da sakamakon bincike ba. Tun daga ranar muka rabu gida biyu. Wasu sun ce shi ya hallaka kansa saboda bashin da ya yi masa katutu. Wasu kuma, har da ni, mun ce kashe shi aka yi, domin ana gobe zai rasu mun yi hira da shi yana ta dariya, kuma bai bar wata takarda ba. Yanzu har an fara ambaton sunan wani da suka taɓa samun saɓani da shi. Ta yaya ake gane gaskiya a irin wannan lamari? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa da ku abokan aikinsa haƙurin rashi. Zan fara da hujjojin ɓangarenki, kuma ina roƙon ki yi mini uzuri, domin ba za su yi miki daɗi ba. Dariyar da kika gani ana gobe zai rasu ba ta tabbatar da komai, saboda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mutane da yawa da damuwa ta ci ƙarfinsu sun ƙware wajen ɓoye ta, musamman ga waɗanda suke ƙauna. Rashin takarda ma haka yake, domin akasarin waɗanda suka hallaka kansu ba sa barin wani rubutu. Sai dai hujjar ɗaya ɓangaren ba ta fi taku ƙarfi ba, tunda masu bashi sun cika duniya suna rayuwarsu, kuma mai bashi ma ana iya kashe shi. Dukkanku kuna auna halin mamacin ne, alhali masu binciken gaskiya daga gawar da kuma wurin da aka same ta suke farawa.

Likitan binciken gawa yana raba tambayar gida biyu. Ta farko ita ce abin da ya tsayar da rai, kamar rashin iska ko zubar jini ko guba. Ta biyu ita ce yadda abin ya auku, kuma a Amurka, alal misali, hukuncin ƙarshe a takardar shaidar mutuwa yana da gurabe biyar: mutuwar ajali ta rashin lafiya, hatsari, mutum ya kashe kansa, wani ya kashe shi, sai kuma gurbi na biyar, wato ba a gano ba. Ki lura da wannan na biyar ɗin da kyau, domin ƙwararrun da suka shafe shekaru suna aikin ne suka tanadar wa kansu wurin cewa ba su sani ba, abin da masu muhawara a waje ba kasafai suke yarda su faɗa ba.

Abubuwan da likitan yake dubawa ƙanana ne, kuma ba a ganinsu daga nesa. Yana juya tafin hannu da damtse yana neman raunin kare kai, wanda mutum yake samu lokacin da ya ɗaga hannu don tare hari, sannan ya kankare ƙarƙashin farce ko za a sami fata ko jinin wani. Yana duban inda jini ya kwanta a jiki, domin idan zuciya ta tsaya jini yakan gangara zuwa sashen da ke ƙasa ya yi duhu a can, kuma bayan kimanin awa 8 zuwa 12 ba ya sake motsawa. Saboda haka idan aka sami gawa a kife amma duhun yana gadon baya, an san cewa wani ya juya ta bayan rai ya fita. Ana kuma gwada jini da abin da ke cikin tumbi don gano magani ko guba, gwajin da kan ɗauki makonni, wanda sau da yawa shi ne dalilin jinkirin da jama'a suke fassarawa da rufa-rufa. Duk da haka babu alama guda da take yanke hukunci ita kaɗai. Sai an haɗa ta da yanayin ɗakin, da wayar mamacin, da tarihin lafiyarsa.

Ba ina nufin hukuma ba ta kuskure ba ne. A ranar 18 ga Yuni 1982 aka sami gawar Roberto Calvi, shugaban bankin Ambrosiano na Italiya, a rataye ƙarƙashin gadar Blackfriars da ke Landan, da bulo da kuɗi masu yawa a aljihunsa. Zaman bincike na farko ya ce shi ya kashe kansa. Iyalansa suka ƙi amincewa, aka sake zama a 1983, inda aka bar hukuncin a buɗe, wato ba a gano yadda ya mutu ba. A 1998 aka tono gawar, kuma a 2002 masana suka ba da rahoton cewa kashe shi aka yi, domin hannunsa bai taɓa bulon da ke aljihunsa ba, kuma babu tsatsa ko fenti a takalminsa, alhali sai ya taka ƙarafan da ke jikin gadar kafin ya isa wurin. Abin da nake so ki ɗauka daga wannan labari shi ne cewa takalmi da tafin hannu ne suka rushe hukuncin farko, bayan iyali sun bi ta kotu da masana har shekara 20. Kuma ko bayan haka, mutum biyar da aka gurfanar a Roma kotu ta sallame su a 2007 saboda rashin isasshiyar hujja.

Inda hankalina ya fi tashi a wasiƙarki shi ne batun ambaton suna. A farkon 2023 wata mata ta ɓace a bakin kogin Wyre da ke Ingila, kuma cikin makonni uku da aka yi ana nemanta, masu binciken sa-kai na TikTok suka cika ƙauyen suna ɗaukar bidiyo suna zargin na kusa da ita, har sai da 'yan sanda suka ba da umarnin korar wasu daga yankin. Da aka kammala bincike a watan Yuni, sai aka tabbatar cewa faɗawa ruwa ta yi bisa hatsari. Waɗanda aka zarga sun haɗa makoki da kare mutuncinsu a lokaci guda. Magana zarar bunu ce, kuma mutumin da kuke ambato yana da iyali da aiki, yana kuma iya fuskantar haɗari a kan saɓanin da kowane ɗan Adam yake samu da abokin zamansa.

Na fahimci abin da ke jan zuciya zuwa ga zargin kisa. Idan wani ne ya kashe shi, akwai wanda za a ɗora wa laifi, amma idan shi ya hallaka kansa, kowa sai ya koma yana tuhumar kansa a kan alamar da bai gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne suke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu na kusa da su ba su ga alamar komai ba, don haka ko da hakan ta tabbata, kada ki ɗauki nauyin a kanki.

Shawarata ita ce duk wanda yake da wani abu na zahiri, kamar saƙon barazana da mamacin ya nuna masa ko baƙon da ya gani a daren, ya kai wa masu bincike a rubuce, ya ajiye saƙon yadda yake ba tare da ya yaɗa shi ba. Iyalan mamacin su ne suke da hurumin neman rahoton binciken gawa, kuma idan bai gamsar da su ba, lauya zai iya nema musu wani likitan ya sake dubawa. Ke kuma, Malama, ki tashi a cikin abokan aikinki ki ce a daina kiran sunan bawan Allahn nan, sannan ki lura da wanda ya fi kowa yin shiru tun bayan rasuwar, ki keɓe da shi ki tambaye shi halin da yake ciki, idan kuma ya nuna alamar yanke ƙauna daga rayuwa, ki raka shi wurin likita a ranar.