Mai duba ya ce 'yar aikina ce ta sace min gwal, na kore ta: mene ne hukuncina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, sarƙata da 'yan kunnena na gwal ne suka ɓace a ɗakina bayan ƙaramar Salla. Wata ƙawata ta ce ta san wani malami mai buga ƙasa, ta je ta karɓo min rana, bayan kwana uku muka tafi tare. Ban buɗe baki ba ya faɗi abin da ya kawo ni, har ya ce na yi ɓari bara, kuma haka ne. Ya zana ƙasa a faifai, ya ce wata yarinya baƙa siririya da ke kwana a gidana ce ta ɗauka. 'Yar aikina ce kaɗai haka. Ta yi ta rantsuwa tana kuka, amma na mayar da ita garinsu, na riƙe kuɗin aikinta na wata biyu. Ni dai na san gaibu sai Allah. Sai dai Malam, mutumin nan ba boka ba ne, yana salla, ɗakinsa cike da littattafai, kuma ya ce akwai hadisin da ya halatta bugun ƙasa. Shin masu duba suna gani da gaske ne, ko damfara ce? Kuma ina da laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar miki da alheri, 'yar'uwa, a kan gwal ɗin da kuma cikin da kika rasa.

Haramcin zuwa wurin mai duba ba abin ja ba ne, duk malamai sun haɗu a kai, haka ma kuɗin da ake ajiye masa, ko da an kira shi sadaka ko kafin alƙalami. Littattafan da kika gani ba su canja sunansa ba. Wanda ke da'awar sanin ɓarawo ko inda abin da ya ɓata yake, shi ne ainihin wanda malaman hadisi irin su Bagawi suka fassara kalmar arrafi da shi, ko rawani ne a kansa ko warki ne a ƙugunsa.

Kalma ɗaya a cikin wasiƙarki ta sassauta hukuncin, ita ce cewar da kika yi kin san gaibu sai Allah. Wanda ya gaskata mai duba yana ƙudurce cewa shi da kansa ya san gaibu, wannan ya ƙaryata Alƙur'ani, kuma shi ne ake ji wa tsoron fita daga addini. Ke ba nan kika tsaya ba. Kin zaci yana da wata hanya ta hisabi da yake bi, aka kuma ruɗe ki da hadisi. Saboda haka ba zan ce imaninki ya tafi ba, aurenki kuma yana nan. Amma babban zunubi ne, kuma hadisin Muslim na rashin karɓar sallar kwana 40 ga wanda ya je wurin arrafi ya tambaye shi ya hau kanki. Ma'anarsa ladan ne ke tafiya. Sallar tana nan wajibi a kanki, kada ki bar ko ɗaya, kuma babu ramuwa. Ki tuba da gaske, Allah mai karɓar tuba ne, ana kuma fata ya mayar da ladan.

Kin tambaya ko suna gani da gaske. Ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Ƙawarki ce ta je ta karɓo rana, kwana uku kafin ki taka ƙofarsa. Ba ina tuhumarta da haɗa baki ba. Ai wanda ya je karɓo rana dole a tambaye shi wace ce, me ya same ta, kuma hira tana jan hira. Ko ba ta faɗa wa malamin ba, akwai yaron da ke zaure yana shimfiɗa tabarma, yana sauraron abin da masu jiran layi ke tattaunawa. Ɓarin da kika yi, matan unguwa nawa ne suka zo miki sannu? Siffar ɓarauniyar kuma ki duba ta da kyau. Matar da ke da gwal a birni da wuya a ce ba ta da 'yar aiki, kuma baƙa siririya siffa ce da za ta hau kan yara da yawa. Bai faɗi suna ba. Ke kika cike masa sauran. Kuma tambayar da ta fi kowace sauƙi ba ki yi masa ba: in yana gani, ina gwal ɗin yake yanzu?

Mafi yawan abin da ake yi a wannan sana'a ke nan, tattara labari da iya karanta fuska. A Amurka wani tsohon mai wasan rufa ido, James Randi, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai nuna irin wannan baiwa a gaban masu sa ido, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ɗauka. Wannan ba hujjar shari'a ba ce, na kawo ta ne don ki san da an toshe musu hanyar samun labari, ganin nasu ya ƙare. Sauran ɗan abin da ya rage kuwa, wanda aljani ke sato wa mutuminsa, Annabi (SAW) ya gaya wa Nana A'isha cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya ake cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Ke da ke zaune gaban faifai ba ki da ma'aunin da za ki ware ɗayar daga ɗarin. Aljanun ma da ake tsoro, Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda suka yi ta wahalar aiki a gaban Annabi Sulaimanu alhali ya rasu yana dogare da sanda, ba su sani ba sai da gara ta ci sandar.

Sai hadisin da ya kafa miki hujja da shi. Nan zan ɗan daɗe, domin da shi ake kama masu karatu. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim. Mu'awiya ɗan Hakam Assulami ya ce wa Annabi (SAW) a cikinsu akwai masu zane a ƙasa, sai ya amsa cewa akwai wani annabi da ya kasance yana zane, duk wanda zanensa ya dace da nasa, to shi ke nan. Masu bugun ƙasa suka riƙe wannan, suka ce Annabi Idrisu ne, kuma iliminsa ne suka gada.

To, sun gada ta wace hanya? Sharaɗin da hadisin ya gindaya shi ne dacewa da zanen wancan annabin. Wa ya ga zanen? Wane isnadi, wato jerin masu ruwaya, ne ya kawo siffarsa? Ko sunan annabin ma hadisin bai ambata ba, shi ya sa wasu ke cewa Idrisu wasu Daniyalu. Imam Nawawi ya ce ma'anar ita ce, da za a san an dace da ya halatta, amma babu hanyar sanin hakan da yaƙini, don haka haramun ne a gare mu. Ya ƙara da cewa Annabi (SAW) ya zaɓi wannan lafazi ne don kada wani ya zaci hanin ya shafi wancan annabin. Alƙali Iyad, malamin Malikiyya, ya kawo yiwuwar cewa an shafe hukuncin a shari'armu. Ibn Khaldun, wanda ya san yadda ake lissafin, ya ce shi annabin wahayi ke zo masa, su kuwa waɗannan ba su da komai sai gidajen da suka tsara wa kansu.

Kin kuma gani da idonki yadda ake yi. Ya dangwala ɗigo a jere ba tare da ƙirgawa ba, ya riƙa share su bibbiyu har ya rage ɗaya ko biyu. Layi huɗu su ba da siffa ɗaya, siffofin duka 16 ne, kowace an ba ta suna da ma'ana, wannan ta mace ce, wannan ta asara ce, wannan ta tafiya ce. Da ya ƙara ɗigo ɗaya a layin farko da siffar ta canja, da wata ce ɓarauniyar. A kan wannan aka kori yarinya.

Wani abin da ba ya gaya wa masu zuwa wurinsa shi ne farkon hadisin. A zama ɗaya, sahabin ya fara tambaya a kan masu zuwa wurin bokaye, amsar kuwa ita ce kada ka je musu. Ba a yanke wutsiyar hadisi a rushe kansa da ita. Mu nan kuma ba baƙin wannan magana ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa, ko taurari, ko labarin aljanu, cikin waɗanda suke kiran kansu Musulmi alhali aikinsu ya warware da'awarsu. Shekara fiye da 200 ke nan, kuma su ma a lokacin suna salla, suna da littattafai.

Abin da ya fi damuna a tambayarki ba ki sa shi cikin tambayar ba, wato yarinyar nan. Laifin zuwa wurin mai duba tsakaninki da Allah ne, istigfari na gaskiya yana goge shi. Haƙƙinta kuwa ba ya goguwa da istigfari. Ƙa'idar shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ke ba ki da shaida, ita kuma ta rantse, don haka a shari'a ba ta da laifi. Ko gobe aka ga sarƙar a hannunta, ganin ne zai zama hujja, ranar da kika kore ta dai ba ki da ita. Kuɗin aikinta kuwa, a hadisin Bukhari Allah ya ce shi da kansa zai yi jayayya ranar Ƙiyama da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya ci moriyar aikinsa bai biya shi ba. Ki tuna kuma a ƙauye sunan ɓarauniya yana bin yarinya har ranar da za a zo neman aurenta. Mun saba a gidajenmu, da abu ya ɓata 'yar aiki ake fara kallo, saboda ita ce ba ta da mai tsaya mata, alhali gida yana da 'ya'ya, da ƙanne, da masu shigowa barka da Salla.

Don haka ki gaya wa maigidanki duk abin da ya faru, in bai sani ba. Ku je garinsu, ko ku aika dattijon da ake jin maganarsa, a biya ta kuɗinta cif, a faɗa a gaban iyayenta da matar da ta kawo miki ita cewa ba ki da wata shaida a kanta, ki nemi ta yafe miki. Duk wanda kika gaya wa ita ce ɓarauniya, ki koma ki warware masa.

Kada ki koma wurin mutumin nan ko da da sunan karɓo kuɗinki. Mataki na gaba sananne ne: zai ce a kawo baƙar kaza ko turare a yi aikin da zai dawo da kayan, daga nan ya hango miki mai hassada a dangin miji. In ya canja wa abin suna ya ce istihara zai yi miki, ki sani istihara raka'a biyu ce da addu'a da mutum ke yi wa kansa a kan abin da yake son aikatawa, ba a kama ɓarawo da ita. Ƙawarki ma ki yi mata nasiha a hankali, kada ki yanke ta, wataƙila taimako ta nufa.

Gwal ɗin kuma ki neme shi ta hanyar da aka halatta. Ki sake bincika ɗakin a natse, ki sanar da masu sayar da gwal a kasuwa siffarsa da nauyinsa, ki kai rasit in kina da shi, ki kai rahoto ga hukuma in kin ga dama. Ki lazimci addu'ar da Ummu Salama ta ruwaito: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Wallahu a'alam.