Hukuncin Cin Kayan Lambun da Aka Shayar da Ruwan Wanki

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan ɗaki inda nake shuka alayyahu, kuɓewa, tumatir da latas, da furanni a bakin zaure. Idan bazara ta yi tsanani ruwa sai na 'yan garuwa, don haka nake ba su ruwan wanka da na wanki, har wanda na wanke tsumman jariri, kuma ina zuba musu kashin kaji da na awaki. Shin ya halatta mu ci abin da suka haifa?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama, Allah ya yi wa lambunki albarka. Cin amfaninsa halal ne.

Ruwan wanka da na wanke-wanke, muddin sabulu da maiƙo ne kawai suka canja shi, mai tsarki ne a kansa, sai dai ba a alwala da shi, saboda haka babu wata magana a kan ban ruwa da shi. Inda tambayarki take da nauyi shi ne ruwan tsumman jariri, domin idan fitsari ko kashi ya canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, ya zama najasa. Duk da haka, a mazhabar Imam Malik shukar da ta sha najasa mai tsarki ce, kuma Shaikh Khalil ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki a Mukhtasar, saboda abin da saiwa ta tsotsa ya riga ya rikiɗe ya zama ganye da 'ya'ya, kamar yadda giya take tsarkaka idan ta koma khal. Hanafiyya da Shafi'iyya ma a kan haka suke, Hambaliyya ne suka hana ci har sai an shayar da shukar da ruwa mai tsarki, kuma ra'ayin mafi rinjaye ya fi ƙarfi a wurina.

Kashin awaki da na duk dabbar da ake ci mai tsarki ne, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi salla a garken tumaki. Ban da na kazar da ake saki tana kiwo a kwata, ita kam kashinta najasa ne, amma ko shi bai haramta amfanin gona ba.

Abin da nake jan hankalinki a kai shi ne abin da ya fantsama a saman ganye, wanda bai rikiɗe ba, don haka wajibi ne a wanke shi, haka ma zanen da ya taɓa kafin ki yi salla da shi. Latas kwance yake a ƙasa kuma ɗanye ake cinsa, ga shi ta irin wannan ruwa ake ɗaukar kwalara da taifot, shari'a kuwa ta hana cutar da kai da cutar da wani. Ki karkatar da ruwan tsumman zuwa gindin furanni, ki zuba shi a ƙasa ba a ganye ba, ki bar wa latas da alayyahu ruwa mai tsabta. Wallahu a'alam.